Tallafi da Renon Ɗalibai a Fagen Kimiyya: Darasin Shirin Meyerhoff

A shekarar 1988 ne aka kafa Shirin Meyerhoff a Jami'ar Maryland ta Gundumar Baltimore a Amurka, bisa jagorancin Freeman Hrabowski, saboda ƙarancin baƙar fata a fagen kimiyya da injiniyanci. An fara da samari 19 a 1989, sannan aka shigar da 'yan mata a 1990. Bayan kuɗin karatu, akan horar da ɗaliban makonni 6 kafin a fara darasi, a haɗa su da malamai masu yi musu jagora, su riƙa nazari rukuni-rukuni, domin kuɗi kaɗai ba ya hana ɗalibi sarewa. Daga cikinsu aka samu Kizzmekia Corbett, wadda ta taimaka wajen haɗa rigakafin korona na Moderna a 2020.