LADI KWALI: JAWABI DAGA MAGAJIYA, SULEJA

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran biranen Kurmi, ku duba bayan takardar Naira 20. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali.

An haife ta a Kwali, ƙasar Gwari, wajen 1925. Ba ta yi boko ba, a gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A jikin randa da tulu takan zana kunama da kada da hawainiya da kifi, sai ka ce za su motsa. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fada, inda wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su.

A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin nan, sa'ad da ake kiransa Abuja. Ita ce mace ta farko. Ta koyi dabarun Turawa, amma ba ta yar da zanen gida ba. Zanen nan ne ya kai aikinta London a 1958, ya kuma sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

To, jama'a, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yanku da ke tasowa a Kurmi, ku sa su makaranta, ku kuma koya musu saƙa da ƙira da dukancin da kuka gada, kada su ƙare a hannunku. Wassalam.