Wa ya auna ruwan? Jawabi a kan ambaliyar Aljirif ta 2020



Yau bari mu koma Aljirif, unguwar nan ta bakin kogin Nilu na Azrak a Hartum. A farkon Satumba 2020 ruwan kogin ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Hartum, ya wuce na 1946, ya wuce na 1988 da dattawa ke ba da labari. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Sama da mutum 100 suka rasu a faɗin Sudan, Allah ya jiƙan su, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace.

To, ta ina mutane suka san me ke faruwa?

Saƙon murya na WhatsApp shi ya riga kowa isowa. Ya ce Habasha ce ta sako ruwan madatsarta. Maganar ta shiga kunne, don a watan Yuli aka fara tara ruwa a madatsar, ana kuma ta cacar baki a kai. Amma fa tara ruwa rage kogi yake yi. Abin da ya cika kogin ruwan sama ne mai yawa da aka tafka a duwatsun Habasha. Wanda ya yarda da saƙon nan sai ya zauna yana zagin maƙwabta, bai kwashe buhunansa ba.

Gidajen rediyon waje kuwa suka ce sauyin yanayi. Ba su yi ƙarya ba: masana sun nuna iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar laima mai yawa, sai ta juye ta a lokaci guda. Sai dai kalmar ta yi wa makiyayi girma. Ba ta ce masa yau ko gobe ba.

Na uku ba shi da daɗin ji, lamba ce kawai. Ma'aikatar ban ruwa tana fitar da tsayin kogin kullum, tun daga ma'aunin Addaim da ke bakin iyakar Habasha. Ruwan da aka auna can sai ya yi kwanaki kafin ya iso Hartum. Kwanakin nan su ne dukiyar mai gona a bakin kogi da mai gasa bulo. A ganina da Rediyon Omdurman da mu duka, wannan lambar ya kamata mu riƙa maimaitawa, da Hausa, da Fulatanci, safe da yamma.

Malam Bafulatani, kai ma ka san zancen ta ɗaya gefen. A farin 1984, mutanen Kordofan da Darfur sun taru a Muwailih, yamma da Omdurman, bayan garkensu ya ƙare. Da yawa sun kai shanu kasuwa ne lokacin da ba sauran mai saye.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin ya ƙara wuya. A Fabrairun 2024 an yi makonni ba intanet a yawancin ƙasar, aka koma ga 'yar rediyo mai batir da bakin direbobi. Saboda haka in saƙo ya shigo maka cewa damina za ta yi kaza, ka tambayi wanda ya turo: wa ya auna, a ina, wace rana? In ya ce shi ma turo masa aka yi, kada ka sayar da ko akuya a kansa, ka jira labaran ƙarfe bakwai.