Tsare Gida da Mota da Kaya a Lokacin Hutun Salla



Gabatarwa

Kowace shekara idan Salla ta gabato, ma'aikacin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja yakan rufe gida ya kwashi iyalinsa zuwa garinsu, Gwandu ko Kalgo ko ƙauyukan kewayensu. Haka nan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, sukan kulle ɗakuna su bar littattafai da kwamfuta. Ke nan cikin mako guda gidaje da yawa sun zama babu kowa, hanyoyi kuwa sun cika maƙil. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa inshora tana biyan diyya ne ga wanda ya cika sharuɗɗanta, kuma mafi yawan sharuɗɗan nan tun kafin a kama hanya ake cika su.

Kowane Hutu da Haɗarinsa

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka Salla takan zagaya lokutan shekara. A 2025 Ƙaramar Salla ta faɗo ƙarshen Maris, cikin zafin bazara, Babbar Salla kuwa farkon Yuni, lokacin hadarin farko da iskarsa mai yaye kwano. Hutun ƙarshen Disamba shi kuma kullum cikin hunturu yake, sa'ad da zana da kara suka bushe, har ɗan garwashi ya isa ya cinye gida. In damina ta yi nisa, ruwa ne abin tsoro, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna wa manoman shinkafa na Jihar Kebbi. Mai hankali yakan dubi lokacin da hutu ya faɗo kafin ya san shirin da zai yi.

Gida

Inshorar gobara ta asali ta ƙunshi wuta da faɗuwar aradu. Ɓarnar iska da ta ambaliya sai an nemi a ƙara su a takarda, an kuma biya kuɗinsu. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki ranar neman diyya. Alal misali, gidan da ya kai Naira miliyan 20 amma aka yi masa inshorar miliyan 10, in gobara ta yi ɓarnar miliyan 4, miliyan 2 kaɗai kamfani zai biya, domin rabin darajar gidan aka sa cikin yarjejeniya. A zamanin da farashin siminti da kwano ke hawa, wajibi ne a riƙa sabunta kimar gida.

Inshorar sata kuwa galibi tana biya ne in an fasa ƙofa ko taga an shiga da ƙarfi. Wanda ya bar mabuɗi ƙarƙashin tukunya, ɓarawo ya buɗe ya shiga salun alun, zai sha wuya wajen neman diyya. Wasu takardun ma sun ƙayyade kwanakin da za a iya barin gida babu kowa ba tare da an sanar da kamfani ba.

Saboda haka, kafin tafiya a zare filogin firiji da talabijin, a kashe wuta daga babban makunni, domin sau da yawa wutar lantarki takan dawo da ƙarfi. A rufe tukunyar gas, a fitar da jarkar fetur daga ɗaki, a ƙara wa kwano ƙusa, a yashe kwata. Sa'an nan a ba maƙwabci amanar gida, a kuma guji shelar tafiya a Facebook, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mota

Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a Nijeriya inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni. Daga Janairu 2023 Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiyar da aka lalata wa wani kuma har miliyan 3, kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. To, amma abubuwa uku ya kamata a lura da su. Na farko, wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Mai son haka sai ya yanki cikakkiyar inshora. Na biyu, takardar jabu da ake sayarwa a bakin ofishin lasisi ba ta biyan ko kwabo, ana kuwa iya tantance ta gaskiya da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. Na uku, ma'aikacin da ya mai da motar gida ta kabu-kabu daga Kalgo zuwa Jega don samun kuɗin cefanen Salla ya saɓa wa sharaɗin takardarsa.

A kai mota wurin makanike a duba birki da fitila da taya, musamman cikin zafi, lokacin da tsohuwar taya ke fashewa. A tashi da safe, a guji tafiyar dare da lodin da ya wuce kima.

Kaya

Mai neman diyya shi ke kawo hujja. A adana rasit, a ɗauki hoton kaya, a rubuta lambar jikin wayar hannu, wadda ke fitowa in an danna *#06#. Zinariyar uwargida da takardun makaranta da na fili a kai su ajiya wurin da aka amince da shi.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar zamani ba, akwai takaful, inda mahalarta ke tara gudummawa su taimaki wanda masifa ta auka wa. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Kammalawa

In hasara ta auku, a sanar da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana, a sanar da kamfani nan take, kada kuma a fara gyara kafin wakilinsa ya gani. In an hana mutum haƙƙinsa, ya kai kuka ga NAICOM. Sai dai a tuna, diyya ba ta mai da rai, ba ta kuma mai da littattafan da aka gada daga kakanni, irin waɗanda gidajen malaman Gwandu ke riƙe da su tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Awa guda da maigida zai ɓata yana zagaya gidansa kafin ya tayar da mota ta fi masa wata shida na zirga-zirgar neman diyya.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa a yi Salla lafiya.