Sabon Injiniyan Lantarki da Neman Aiki a Ƙasar Waje

 

An nemi in yi magana a kan tambayar da kusan kowane ɗalibin ajin ƙarshe ke yi a zuciyarsa: in na tattara takarduna na fita waje, zan samu aiki? Aiki kam akwai shi, kuma da yawa. Sai dai kamfanonin da ke neman ma'aikata ruwa a jallo suna neman wanda ya riga ya taɓa aikin da hannunsa, kuma nan ne sabon injiniya ke da rauni.

Bari mu ɗauki Jamus, domin can buƙatar ta fi fitowa fili. Ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a watan Afrilun 2023, ta kuma sa wa kanta doka cewa zuwa 2030 kashi 80 cikin 100 na wutarta zai fito daga iska da rana da makamantansu. Iskar tana arewa, bakin teku, manyan masana'antu da dama kuma suna kudu. Shi ya sa ake shimfiɗa layin SuedLink mai tsawon kusan kilomita 700, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa. Kamfanoni huɗu ke riƙe da manyan layukan ƙasar: TenneT, Amprion, 50Hertz da TransnetBW, kuma duk tashar da suka gina tana buƙatar mai zane, mai gwaji da mai saita na'urorin kariya.

Tun 1 ga Yuni 2024 ƙasar ta fito da katin da ake kira Chancenkarte, wanda ke ba mutum shekara guda ya zauna ya nemi aiki, yana ɗan taɓa aikin sa'o'i 20 a mako. Kafin a ba ka, sai an duba matsayin jami'arka da digirinka a rumbun anabin, ko ofishin ZAB ya tantance shi, sannan ka nuna kana da abin ciyar da kanka, sama da yuro 1,000 a kowane wata. Ku lissafa wannan da naira kafin ku ce wa Baba ya sayar da gona.

To, ka isa, an kira ka ganawa. Wanda ke zaune kusa da kai yaron Jamus ne, shi ma sabon digiri gare shi. Amma tun yana ɗalibi yake aikin kwana biyu a mako a wani kamfani, ya yi zane da EPLAN, ya tsara na'urar sarrafa inji da TIA Portal, ya san ƙa'idojin VDE. In aka ce ya faɗi dokoki biyar na aiki a kan layi, zai kawo su a jere: kashe wuta, kulle makunni kada wani ya mayar, gwada ka tabbatar babu wuta, haɗa layin da ƙasa, rufe duk abin da ke da wuta a kusa. Mu kuwa mun tashi muna ganin taransifomar unguwa a buɗe, babu shinge, fis ya ƙone an naɗa waya a madadinsa, mai gyara ya hau tsani da silifas. Lissafin da aka koya muku daidai yake da nasu, ba na shakka. Wutar gida ma iri ɗaya ce, bolt 230, zagaye 50 a daƙiƙa. Tarbiyyar aikin ce ta bambanta, kuma mai ɗaukar ma'aikaci yana gane ta cikin minti goma. Ga kuma harshe. A ofishin zane na babban kamfani Turanci na iya fitar da kai, amma a filin aiki da Jamusanci ake ba da umarni, kuma ba a ɗora mutum kan layi mai wuta alhali bai fahimci gargaɗin da aka yi masa ba.

Na san da yawanku hankalinku na kan Saudiyya. Ku sani tun 2018 hukumar injiniyoyinta ke neman baƙon injiniya ya zo da ƙwarewar shekara biyar. A Ingila kuma, mafi ƙarancin albashin da ake nema don bizar ƙwararru ya tashi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024. Akwai sassauci ga sababbin shiga, amma sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka. Hukumar injiniyoyinmu ta COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, abin farin ciki ne, sai dai a matakin wucin gadi aka karɓe ta, don haka kada ku ɗauka digirinku zai wuce kai tsaye.

Hanyoyi biyu nake ganin suna ɓullewa. Ko ka tafi ta karatun digiri na biyu, ka nemi aikin ɗalibi tun zangon farko, domin Jamus na ba wanda ya gama jami'arta wata 18 ya nemi aiki. Ko ka zauna a gida shekara biyu zuwa uku ka yi aiki na gaskiya: kamfanin rarraba wuta, masana'anta, ko masu haɗa sola. Wanda ya taɓa gwada taransifomar 33 kV zuwa 11 kV, ya rubuta rahoto ya sa hannu, yana da abin faɗa a gaban kowa. Ni wannan ta biyun na fi so ga wanda gidansu ba mai ƙarfi ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamaina, ku bi ɗalibanku wurin horon aiki na SIWES ku ga abin da suke yi, kada littafin rahotonsu ya dawo cike da sa hannu yaro bai riƙe mita ba. Ku kuma ƙannena, ku zaɓi ƙasa ɗaya, ku nemi ƙa'idojinta na lantarki, ku fara koyon harshenta tun kafin ku tafi bautar ƙasa. Allah Ya ba ku sa'a.