ADON BANGON MAKEWAYI DA ABIN DA MUKE DA SHI A HANNU: Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Birnin Gwari

 



Da aka ba ni wannan batu na san akwai wanda zai ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen da suka yi shekaru suna fama da 'yan bindiga a dajin Kamuku da na Kuyambana, ina su ina zancen adon makewayi? Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku. Bayan sulhun da aka yi a watan Nuwamba na 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar shanu, jama'a da dama sun koma ƙauyukansu sun tarar da kufai, suka shiga gini. Mai gini kuwa yakan fara da ɗakin kwana da rumbu, ya bar makewayi sai in da saura, ya kewaye shi da tsohon zana ko ruɓaɓɓen kwano. A nan cuta take samun ƙofa. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Makewayin da ba ya wankuwa gudunsa ake yi, kuma yaron da ya guje shi bayan katanga yake zuwa. Jihar Jigawa ta samu shaidar rabuwa da bahaya a fili a shekarar 2022, mu ma ba abin da zai hana mu.

Adon bango ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, labarin baka ya ce ya zo Birnin Gwari ya yi aikin masallaci. Magina irinsa sun san maganin ruwa tun kafin siminti ya shigo. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi har ruwan ya yi duhu, a shafe bango da shi ko a yayyafa wa daɓe, ƙasa ta ƙanƙame ta daina shan ruwa. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, da shi ake shafe soro da karofi. Iyayenmu mata kuwa su ne gwanayen daɓe: a zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, a yi ta bugu da maɗabi ana waƙa har ƙasa ta yi sheƙi. Duk waɗannan kaya daga dajinmu da ƙofar gidanmu suke fitowa.

To, yaya za mu yi a yau? Bangon makewayi kashi biyu ne. Daga ƙasa zuwa ƙirji shi ne yake shan ruwa kullum, shi ne kuma yake zaizayewa har bango ya zube. Wannan kashin shi ya cancanci siminti, tun da a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, ba kowa ne zai iya shafe ɗaki duka ba. A kwaɓa awo ɗaya na siminti da awo uku na yashi mai laushi. Kafin nan a tara fasassun tayil, waɗanda masu gini suke zubarwa ko su sayar da arha, da fasassun tangaran na gida, da duwatsu masu santsi na bakin kogin Mariga. A rufe tayil da tsumma kafin a fasa shi domin kada ɓarɓashi ya shiga ido, a goge kaifinsa a jikin dutse domin kada ya yanki yaro. Sannan a zana siffar da ake so da gawayi, ko dagi, ko tauraro, ko sarƙa, ko layi-layi irin na tabarma. A riƙa shafa kwaɓin kaɗan-kaɗan, gwargwadon faɗin faifai, ana danna gutsattsarin a ciki kafin ya bushe, ana daidaita su da katako domin fuskar bango ta zama ɗaya. Washegari a cike tsakaninsu da ruwan siminti mai kauri, a goge da soso, a yi kwana bakwai ana yayyafa ruwa domin kada ya tsage. Ramin da aka bari tsakanin gutsattsari shi ne maɓoyar datti da kyankyaso, saboda haka cikewar ta fi zanen muhimmanci.

Daga ƙirji zuwa sama kuwa ruwa ba ya kaiwa sosai, yaɓen ƙasa da makuba ya isa, a bi shi da farar ƙasa duk shekara bayan damina. Mai son launi ya ja layi da jar ƙasa ko shuni. Daɓen ƙasa ya karkata zuwa magudana, magudanar kuma ta zuba a rami cike da duwatsu a cikin gida, ba a lungu ba, domin ruwan wankan da ya kwanta shi ne gidan sauro kuma shi ne mafarin rigima da maƙwabci. Masai kuma ya nisanci rijiya da kamar mita 30, ya kasance da murfi.

Kada wani ya ɗauka ado da fasassun kaya aikin talauci ne. A birnin Basalona na ƙasar Sifen akwai lambun da magini Gaudi ya ƙawata da fasassun tayil tsakanin 1900 da 1914, har yau daga ko'ina ake zuwa kallonsa. A Maroko kuma bangon gidajen wanka da farar ƙasa ake shafe shi, a goge da dutse da baƙin sabulu har ya daina shan ruwa.

Sai dai in ja kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, makewayi wurin najasa ne, kada a rubuta sunan Allah ko aya a bangonsa, ko da a jikin gutsuren faranti ne, a duba kafin a manna. Na biyu, makuba ba ta samuwa sai da ɗorawa, ga shi masu gawayi da masu katako suna ta sare ta. Bishiyar da ta ba mu daddawa da garin ɗorawa da makuba ba ta cancanci gatari ba. Dajin nan tun 1936 aka keɓe wani sashensa, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, amma ɗorawar da take gonakinmu ba ta da mai gadi sai mu.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. A nemo tsofaffin magina da tsofaffin mata da suka san haɗin makuba da laso, daga Kuyello zuwa Randagi da Dogon Dawa, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. A gina makewayi guda na gwaji a makarantar firamare ɗaya, 'yan mata da samari su yi adonsa da hannunsu, domin wanda ya koya ya samu sana'a. Sannan duk gidan da ƙungiya za ta taimaka wa da kayan gini, a sa makewayi cikin lissafi tun daga tushe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana tsarki rabin imani ne, kuma a makewayi ake fara shi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.