Batir a Cikin Kayanmu: Jawabin Kwamitin Sufuri a Taron Cikar Shekara, Gbalahi



Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, dattawan Zango, alhazai da hajiyoyi, da 'yan uwa da suka taso daga Bawku da Paga da Yendi da Kumasi, da baƙinmu na ƙetaren iyaka, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda muka yi taron bara da su amma bana babu su, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Da aka ce kwamitin sufuri ya kawo jawabin bana, wasu sun so mu koma kan shingayen hanya da tsadar canji. Maganar tana nan, ba ta tsufa. Amma mun zaɓi wata daban, saboda wani kaya ya shigo cikin kayanmu a 'yan shekarun nan ba tare da mun taɓa zama mun tattauna shi ba, wato batirin lithium, irin wanda ke tuƙa babur da keke da mota masu amfani da lantarki, wanda kuma ke cikin akwatin sola da yawancinmu muka ajiye a shago.

Abin da ya tayar mana da hankali ƙarami ne. A watannin zafin da suka wuce, ana sauke wata mota da ta taso daga arewa, sai yaran mota suka tarar da kwalaye biyu na batirin babur a ƙarƙashin buhunan albasa. Mai kayan bai gaya wa direba ba, gudun kada a ƙara masa kuɗin ɗauka. Kwali ɗaya ya lotse, batirin da ke ciki ya kumbura kamar burodi. Allah Ya kiyaye, babu abin da ya faru. Amma motar nan ta kwana biyu a rana a bakin iyaka, kayan mutum tara ne a cikinta, kuma yara biyu ne ke kwana a kanta. Ba za mu faɗi suna ba, don abin da ya yi kowa a cikinmu yana iya yi: bai san abin da ya ɗauko ba.

To, bari mu san shi. Batirin babur ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura ne da yawa aka jera aka haɗa a akwati guda. A cikin kowanne akwai ɓangare biyu da ba a so su taɓa juna, abin da ya raba su kuwa wata 'yar fata ce da ba ta kai kaurin ledar kanti ba, kuma ruwan da ke ciki yana cin wuta. Idan aka danne batir, ko ya faɗi da ƙarfi, ko ƙusa ta huda shi, ko aka ɗura masa caji fiye da cikinsa, ko zafi ya yi masa yawa, 'yar fatar nan tana iya yagewa. Daga nan zafi ke haifar da zafi. Ɗaya ya ƙone ya kunna maƙwabcinsa, shi ma ya kunna na gaba, cikin ɗan lokaci akwatin duka ya zama wuta mai feshi. Hayaƙin da yake fitarwa guba ne, a ɗaki rufaffe yana iya kayar da mutum kafin harshen wuta ya iso gare shi. Abin da ya fi ba mu mamaki da muka bincika shi ne wutar tana iya mutuwa a ido, bayan sa'o'i ko ma kwanaki ta sake tashi.

A kowane batirin kirki akwai wani ɗan allo da masu gyara ke kira BMS. Shi ne mai gadi: yana yanke caji idan batir ya cika, yana yanke shi idan zafi ya wuce kima. Batirin jabu, da wanda aka harhaɗa daga tsofaffin batiran kwamfuta a bayan shago, a nan ake rage kuɗi. Ko dai babu mai gadin, ko kuma yana nan amma barci yake yi.

Yanzu ku dubi garinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yana kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Yawancin masu ƙera waɗannan batura suna cewa kada a yi caji idan zafi ya haura digiri 45. Shagon kwantena da rufin kwano, a kulle, da ƙarfe biyu na rana, kowa ya san abin da ke cikinsa ya wuce na waje. Ga wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Ga ɗabi'armu ta jona caji da daddare mu ja ƙofa mu tafi gida.

Wasu garuruwan sun riga mu biyan kuɗin wannan karatu. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, 'yan kwana-kwana sun ƙirga gobara 268 da ta tashi daga irin waɗannan batura, mutum 18 suka mutu, galibi daga batiran kekuna da ƙananan babura da ake caji a cikin gida. Birnin ya kafa dokar hana sayar da wanda ba shi da shaidar gwaji, aka kuma dage da wayar da kai. A 2024 yawan gobarar bai ragu ba, amma mamatan suka sauko zuwa 6, kuma ɗaya daga cikin dalilan da hukumar ta bayar shi ne mutane sun fara ajiye batiran da yi musu caji a waje. A Indiya, a garin Secunderabad, watan Satumba na 2022, wuta ta tashi a shagon sayar da babura masu lantarki da ke ƙasan wani otal, hayaƙi ya bi matakala ya hau, mutum 8 suka rasu. A Nanjing ta ƙasar Sin, Fabrairun 2024, ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani dogon bene, ta ci rai 15. Ku lura, a duka wuraren nan batir na ƙasa ko kusa da ƙofa, mutane na sama ko a ciki. Gidajenmu na Zango nawa ne babur ke kwana a zaure, zauren da shi ne hanyar fita ɗaya tilo?

Kuma mu 'yan kasuwa mun san yadda kasuwa ke ci. Gobarar Kantamanto a Accra farkon Janairun 2025, da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, ba batir ya jawo su ba, amma sun nuna mana abin da tartsatsi ɗaya ke yi a inda rumfa ke jingine da rumfa. Aboabo ba ta fi su sarari ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce kwamiti ya ce a guji abin hawa na lantarki. Ba mu ce ba, kuma ba za mu ce ba. Man fetur ma wuta ne, mun dai saba da shi ne har muna sayar da shi a kwalba a bakin titi. Motar lantarki da babban kamfani ya ƙera, ba a taɓa batirinta ba, ba ta fi ta fetur saurin kamawa ba. Haɗarin yana wajen ƙananan batura marasa asali, da caja da ba tasu ba, da hannun wanda bai koya ba.

Kasuwar kuwa tana tafe, da mu ko babu mu. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin biyar na sababbin motoci. Farashin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga 2010. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024. Gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufarta kan motocin lantarki a Disambar 2023 a taron sauyin yanayi na Dubai, kuma kasafin kuɗin 2024 ya ɗauke harajin shigo da motocin lantarki na haya na shekara takwas. A Najeriya, tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin ɗan a-daidaita-sahu ya canza, kuma a Maiduguri gwamnatin Borno ta zuba motocin haya masu lantarki a titi. Masu zuwa Lome da Kwatano kun ga baburan kamfanin Spiro: ɗan acaɓa ba ya caji a gida, yana zuwa tasha ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, kamar mai canza tukunyar gas. A ganinmu wannan tsarin shi ya fi dacewa da gari mai zafi irin namu, domin yana fitar da caji daga ɗakin kwana ya mai da shi hannun wanda aikinsa ke nan.

Babbar motar da ke ɗauko albasa daga Galmi zuwa Kumasi ba za ta koma lantarki gobe ba, har jibi ma. Daga nan zuwa Paga kusan kilomita 200 ne, ina tashar caji a hanya? Canjin zai fara ne daga ƙasa: babur, da yalo-yalo, da Motor King da ke kwasar kayanmu daga tasha zuwa sito. Tamale garin babur ne, mata da maza, yara da tsofaffi. Duk ranar da lissafin caji ya fi na galan sauƙi a idon mai yalo-yalo, za a nemi batir, da caja, da kayan gyara, kuma mu za a tambaya. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa su ɗauko goro a Salaga, kuma sun san goro ba ya son zafi da iska, sai suka koyi naɗe shi da ganye da yayyafa masa ruwa. Wannan kayan ma yana da nasa hali.

A dokar sufuri ta duniya, batirin lithium kaya ne mai haɗari, aji na 9. Wanda aka ɗauko shi kaɗai lambarsa UN 3480, wanda ke cikin na'ura ko tare da ita UN 3481. Akwai gwajin da ake kira UN 38.3, na jijjiga da zafi da bugu, kuma duk dilan kirki yana iya ba ka takardarsa. Idan ka tambaya ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa. Tun 2016 jirgin sama na fasinja ba ya ɗaukar waɗannan batura a matsayin kaya, jirgin kaya ma sai cajinsu bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, don batir cikakke ya fi mugunta idan ya kama. Mu ma da ke bin ƙasa za mu iya aron wannan: a ɗauko shi da ɗan caji, a rufe bakin wayoyinsa, a sa shi a sama ba a ƙarƙashin buhu ba, nesa da jarkar mai. Kuma a bayyana shi ga kwastan. Yanzu da Nijar da Burkina Faso da Mali suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ba lokacin da za a ba jami'in iyaka dalilin sauke mota gaba ɗaya ba ne.

Saura maganar da ta sa muka ji daɗin yin taron nan a Gbalahi. Kowa ya san babban jujin Tamale a nan yake. Duk abin da muka sayar, ƙarshensa nan yake zuwa. Mataccen batir da aka jefa a bola, motar shara ta matse shi, yana iya kamawa a cikin motar ko a tsakiyar juji, inda mata da yara ke tsintar roba da ƙarfe. Mutanen Gbalahi ba su sayar ba, ba su ci riba ba, amma su za su shaƙi hayaƙin. Tsohon batirin mota mai dalma, wanda har yanzu wasu kekuna masu araha ke amfani da shi, nasa sharrin daban ne: a Thiaroye kusa da Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu saboda fasa irinsa da ake yi a unguwa ana ciro dalma. Ghana tana da doka kan irin wannan shara tun 2016, doka mai lamba 917. Doka dai tana takarda, amma hannun da ke jefa batir a bola namu ne da na abokan cinikinmu.

Saboda haka kwamiti yana roƙon wannan zama ya amince da abubuwa kaɗan. Duk ɗan ƙungiya da ya ɗora batir a mota ya gaya wa direba da mai lodi, a rubuta a takardar kaya. Wanda ya ɓoye, in asara ta faru, ƙungiya ba za ta shiga masa sulhu ba. Mun san wannan zai yi wa wasu ɗaci, mun kuma yi gardama a kansa a kwamiti kafin mu kawo. Kada a bar caji a sito ko shago a kulle, kada a yi shi a zaure ko bakin ƙofar ɗaki, kuma kowane batir da cajarsa. Wanda ya kumbura, ko yake zafi ba a amfani da shi, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko yake tsiyaya, a fitar da shi fili a inuwa, a sa a durom na ƙarfe da yashi, kada a kai wa mai gyara ya “taɓa” shi. Muna neman ƙungiya ta ware wuri ɗaya da za a riƙa tara matattun batura har a miƙa su ga masu lasisin karɓa.

Idan kuwa ya fara huci ko hayaƙi, a fitar da mutane tukuna, kaya daga baya. A kashe wuta daga mita in ana iya kaiwa, a kira 192 ko 112. 'Yar tukunyar kashe gobara mai hoda tana kwantar da harshen wuta amma ba ta sanyaya cikin batir. Ruwa mai yawa daga nesa shi ke sanyaya shi, bayan an tabbatar ba ya jone da lantarki. Kada kowa ya ɗauke shi ya mai da ɗaki don ya ga ya mutu.

Za mu rubuta wa hukumar kashe gobara ta Tamale mu roƙi su zo su nuna wa yaran shagunanmu da masu lodi wannan a aikace kafin zafi mai zuwa. Muna kuma so kowane reshe ya ba mu sunan saurayi ko budurwa ɗaya mai hannu a aikin waya ko sola, wanda ƙungiya za ta taimaka ya koyi aikin batir yadda ya kamata. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi, a ba shi sunayen kafin a tashi cin abinci.