Malami da Farashin Guminsa



Batun da muka zaɓa yau ya shafi yawancinmu, domin da yawa daga cikin masu zama a wannan zaure alli za su riƙe idan sun gama. Batun kuwa shi ne halin malamin da ke haɗa koyarwa da wata 'yar sana'a, da yadda yake kallon kuɗi, da yadda yake yanka wa guminsa farashi.

Mu fara da abin da ya kai malami kasuwa. Tarihin albashi a ƙasar nan tsere ne tsakaninsa da farashin kaya, kuma kullum albashi ne a baya. A zamanin mulkin Janar Gowon Hukumar Udoji ta ba da rahotonta a 1974, ma'aikata suka karɓi ƙari har da na watannin baya a 1975, amma kafin murna ta lafa kaya sun yi tashin gwauron zabo. An yi irin wannan bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. An sake yi bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, alhali kuwa a ƙarshen wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Saboda haka malamin da ke koyar da yara a gida da yamma, ko malamar da ke sayar da atamfa, ba kwaɗayi ya kai su ba. Tukunya ce ta tura su.

To, amma shiga kasuwa daban, iya ta daban. Malami yakan shiga da wata ɗabi'a da ya gada. A makarantar allo malam ba ya yanka kuɗin karatu. Abin da iyaye suka aiko na kuɗin Laraba shi yake karɓa ya sa albarka. Wannan ɗabi'a tana da kyau a muhallinta, domin gari ne ke ɗauke da malamin, a noma masa gona, a kai masa hatsi. Malamin boko ya gaji kunyar, bai gaji gonar ba. Idan aka tambaye shi nawa zai karɓa sai ya sunkuyar da kai ya ce, “A ba da abin da ya sawwaƙa.” Mai kanti kuwa, in ya je sayen shinkafa, ba zai ce masa haka ba. Faɗin farashi ba rashin mutunci ba ne. Ɗan kasuwa yakan ce “albarka” sau uku idan tayi bai kai ba, kuma ba a taɓa cewa ya zubar da girmansa ba.

Yanzu mu yi lissafi, tunda aikinmu ne. A ɗauka malami yana zuwa wani gida sau 3 a mako, watau sau 12 a wata, ana ba shi Naira 20,000. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa 1,000 ne; 12,000 sun tafi ke nan, saura 8,000. Kowane zuwa yana cin awa 3 idan aka haɗa shiri da hanya da darasin, watau awa 36 a wata. Ashe awarsa ba ta kai Naira 225 ba. Da zai tara yara 5 wuri guda kusa da gidansa, kowa ya biya 8,000, iyaye sun sami sauƙi, shi kuma ya tashi da 40,000 ba tare da kuɗin mota ba. Iliminsa bai ƙaru ba. Lissafi kawai ya yi.

Haka kuma malamar da ta saro turmi a Kantin Kwari kan 10,000, ta sayar wa abokiyar aiki 12,000 bashi sai ƙarshen wata, za ta ce ta ci ribar 2,000. In an cire 500 na mota, aka kuma jinkirta albashi, ta koma kasuwa ta tarar turmin ya zama 11,500, ina ribar? Ba ta ci ko kwabo ba. A lokacin tsada ana auna riba da kuɗin da za a sake saro kaya da shi, ba da wanda aka saro jiya ba. Wanda ya manta wannan yana cin uwar kuɗinsa yana zaton riba yake ci. Don haka lalle a raba aljihun sana'a da na cefane, a rubuta kowane bashi a littafi da ranar biya, ko da na aminiya ne. Kada kuma a karya farashi don jawo masu saye, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya fara da araha da wuya ya iya ɗagawa.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta a fili. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma, kuma ma'aikatan makarantun gwamnati suna cikin waɗanda ya lissafa. Duk wanda zai karɓi takardar kama aiki ya san da wannan tun da wuri. A ganinmu, gwamnatin da ta hana malami kasuwa ta ɗauki alkawarin ciyar da shi, kuma haƙƙin Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ne, wadda aka kafa tun 1931, ta riƙa tuna mata wannan alkawari.

Iyaka ta biyu ta fi ta doka tsanani, ita ce amana. Malamin da ke rage darasi a aji don a bi shi gida da kuɗi, ko wanda ke tilasta wa ɗalibansa sayen takardun da ya buga, yana nuna cewa maki na biye da saye, wannan ba sana'a yake yi ba, sayar da amana yake yi. Ɗan talakan da ba shi da abin biya shi ne ke ɗaukar asarar, kuma yawancinmu a nan 'ya'yan talakawa ne. Ɗalibinka ba abokin cinikinka ba ne, kuma lokacin aji an riga an biya shi.

'Yan'uwa, kiranmu shi ne tun muna ɗalibai mu koyi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, mu koyi faɗin farashi da baki buɗe, mu kuma san abin da ba na sayarwa ba ne. Malamin da bashi ya yi wa katutu ba ya iya tsayawa gaban aji da natsuwa, ba ya kuma iya cewa a'a idan aka miƙo masa ambulan lokacin jarrabawa.